Daƙiƙa Arba'in Kan Kowace Tambaya: Jarrabawar JAMB da Neman Gurbin Karatun Harhaɗa Magunguna a Tsakiyar Jigawa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ƙorafin da ɗalibai da iyaye da malamai ke yi a Dutse da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita game da jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, musamman ga masu neman karatun harhaɗa magunguna. Ta bi tarihin jarrabawar da tsarinta, ta auna abin da take iya ganowa a kan ɗalibi da abin da ba ta iyawa. Matsayar takardar ita ce ƙorafin yana da tushe, amma soke jarrabawar zai fi cutar da ɗan talaka. Abin da ya kamata shi ne a rage mata nauyin da aka ɗora mata, a ƙara guraben karatu, a kuma buɗe wata ƙofar ta daban.

Gabatarwa



Na zo wannan batu ne daga aji, domin aikina koyar da kemistiri ne a makarantar sakandare. Duk shekara, idan sakamakon JAMB ya fito, maganganun da ake yi a ƙofar ofishin malamai ba sa canzawa. "Malam, lokaci ne bai ishe ni ba." "Kwamfutata ce ta tsaya." "Na ci 230 amma sun ce in canza kwas." Uba kuma tambayarsa ɗaya ce: "To yanzu sai wata shekarar ke nan?" Waɗannan maganganu su ne kayan aikin wannan takarda, kuma na zaɓi fannin harhaɗa magunguna ne saboda a nan ne tazarar da ke tsakanin buƙatar jama'armu da ƙuncin ƙofar shiga ta fi fitowa fili.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, an samu ci gaba a ilimi mai zurfi da ba wanda zai musanta. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ta biyo baya a 2013. Akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Duk da haka, ɗan Kiyawa ko Jahun ko Buji da ke son zama masanin harhaɗa magunguna ya daɗe yana ɗaga kai ne zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. A can zai yi gogayya da 'yan Kaduna da Abuja da Ilori a kan kujeru ƙalilan, kuma alƙalin farko a gogayyar shi ne makin JAMB.

Asalin jarrabawar da yadda take a yau

An kafa hukumar JAMB a 1978 don magance wata matsala ta gaske. Kafin lokacin kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai mutum ɗaya ya samu gurbi a wuri biyu ko uku, wani kuma ya rasa ko ɗaya. A 2005 aka ƙyale jami'o'i su ƙara tasu tantancewar bayan ta JAMB, saboda sun daina amincewa da makin da ɗalibai ke zuwa da shi. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta sauran manyan makarantu ta zama UTME. An fara gwada kwamfuta a 2013, zuwa 2015 aka ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Ministan ilimi Adamu Adamu ya soke waccan tantancewar ta jami'o'i, wato Post-UTME, a 2016, aka dawo da ita a 2017. A shekarar 2017 ɗin ne kuma, ƙarƙashin shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, aka fito da tsarin CAPS wanda ta cikinsa kowane gurbi ke bi.

Yau mai neman harhaɗa magunguna yana zana darasi huɗu: Turanci, bayoloji, kemistiri da fizis. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, a cikin awa biyu. Jimillar maki 400. Idan aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya ta tashi a daƙiƙa 40. A cikin wannan daƙiƙa 40 ne yaro zai karanta tambaya da Turanci, ya fahimce ta, ya yi lissafi idan ta fizis ce ko kemistiri, sannan ya zaɓi amsa.

A nan nake so mu daɗe kaɗan. Na sha ganin ɗalibin da, idan na rubuta lissafin yawan sinadari a allo na bayyana da Hausa, zai riga kowa kaiwa ga amsa, har ya gyara wa na kusa da shi. Wannan ɗalibin idan aka ba shi tambayar a rubuce cikin doguwar jimlar Turanci, sai ya karanta sau biyu, wani lokaci leɓensa na motsi, kafin ya gane abin da ake nema. Ya san kemistiri. Abin da ya rasa shi ne saurin karatu da harshen da bai fara mu'amala da shi sosai ba sai a sakandare. A kan takarda Turanci kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin, amma a zahiri yana cikin tambayoyi 180 ɗin duka. Ba ina cewa mai harhaɗa magani ba ya buƙatar Turanci ba. Da shi zai karanta littattafansa da takardar likita. Sai dai sanin Turanci daban, tsere da shi daban, kuma na biyun ne agogon jarrabawar ke aunawa.

Sai kwamfuta. Don sauƙaƙa wa waɗanda ba su saba ba, JAMB ta tsara yadda za a iya yin jarrabawar da maɓallai takwas kacal: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don fasa miƙawa. Tsari ne mai kyau. Amma mu ɗauki misalin yarinyar da ta taso daga wani ƙauye a Miga, ta kwana a gidan 'yan uwa a Dutse domin an rubuta mata ta isa cibiya da ƙarfe shida da rabi na safe. Makonni kafin nan ta haƙura da ƙunshi, ko da bikin yayarta ake, saboda hukumar ta yi gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Ta tsaya a layi, an ɗauki yatsanta, an zaunar da ita gaban allon da ba ta taɓa zama gabansa ba sai a jarrabawar gwaji, in ma ta samu kuɗin yin ta. Minti goma na farko za su tafi ne wajen tsoron kada ta danna abin da zai ɓata komai. Minti goma tambaya goma sha biyar ce. A fannin da maki biyar ke raba wanda ya shiga da wanda ya koma gida, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kuma na'urar kanta ba ma'asuma ba ce. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna UTME, sakamakon farko ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, waɗanda suka samu 300 zuwa sama kuwa 12,414 ne kawai. Aka yi ta cewa yaran yanzu ba sa karatu. A ranar 14 ga Mayu, Farfesa Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, da hawaye, ya amsa cewa an samu kuskure a na'urorin da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Kuskuren bai shafi Jigawa ba, kuma fitowa a amsa laifi abin yabo ne a ƙasar da ba a saba hakan ba. Darasin da ke ciki dai ya shafe mu: lambar da ke fitowa a wayar yaro aikin mutane ce da na'ura, tana iya zama daidai, tana iya kaucewa.

Makin da ake shelantawa da makin da ake ɗauka da shi

Babban abin da ke ƙona ran iyaye shi ne ruɗanin mafi ƙarancin maki. Kowace shekara ana zama a sanar da shi: 140 ga jami'o'i a 2023 da 2024, sai 150 a 2025. Uba ya ji a rediyo, ya duba ya ga ɗansa ya samu 220, sai ya fara yi wa dangi albishir. Ba wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa wannan lamba izini ce kawai na shiga layi. Likitanci da harhaɗa magunguna da aikin jinya kowanne yana da nasa layin, kuma makinsa ba ya tsayuwa wuri ɗaya, yana hawa ne gwargwadon yawan masu nema. Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, wadda dokar 2022 ta sabunta, tana ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka bisa yawan malamanta da ɗakunan gwajinta. Wannan ƙayyadewa daidai ce, don ba a koyon haɗa magani a ɗakin da mutum ɗari ke layin ma'auni ɗaya. Amma sakamakonta shi ne dubban da suka cancanta suna neman kujeru kaɗan.

Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, kuma Jigawa na cikinsu. Mutane da yawa a kudu suna ganin wannan gata ce da ta buɗe mana ƙofa wangale. Mu yi lissafi. A ce tsangaya tana da kujeru 100. Kujeru 20 ne na wannan rukuni, jihohin da ke rabonsu kuwa sun haura 20. Da ƙyar jiha ta tashi da kujera ɗaya. Ita ma ɗin wa ke samunta? Galibi ɗan asalin jihar da ya tashi a Kano ko Kaduna ko Abuja, ya yi makarantar kuɗi, ya dawo ya karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ba laifi ya yi ba, haƙƙinsa ne. Amma yarinyar Miga da aka yi tsarin dominta, tsarin bai isa wurinta ba.

Wanda bai samu ba, ana ba shi wani kwas ɗin, sau da yawa ilimin tsirrai ko na dabbobi ko zallar kemistiri. Waɗannan fannoni ne masu daraja, ni kaina na ukun na karanta. Illar ita ce ajujuwansu sun cika da waɗanda zuciyarsu na wani wuri, wasu suna aji ɗaya suna sake yankar fom a ɓoye. Wanda ya ƙi karɓa kuwa sai ya jira shekara guda cur, domin sakamakon UTME na shekara ɗaya ne. An sha kawo ƙudurin tsawaita wa'adinsa a Majalisar Tarayya, bai zama doka ba. Ga namiji shekarar jira kasuwa ce ko gona ko acaɓa, wasu su dawo wasu su zarce. Ga mace a yankinmu, kowa ya san abin da shekarar zaman gida ke nufi. Manema na zuwa, iyaye na ganin an gwada ba a dace ba, kuma ba kowane miji ne ke cika alƙawarin barin ta ci gaba ba. Na ga ɗalibai mata da suka fi kowa a ajinsu sun fita daga layin karatu ta wannan ƙofa, kuma wannan ne ya fi komai ci mini rai a cikin batun nan.

Abin da sana'ar ke buƙata

Mudu yana faɗa maka yawan geron da ke cikin buhu, amma ba ya faɗa maka ko irin zai tsira idan an shuka. UTME tana auna abin da yaro ya riƙe daga manhajar sakandare da saurin fito da shi. Aikin harhaɗa magani kuwa yana son mutumin da ba ya gaggawa: wanda zai duba takardar likita ya lura an rubuta wa yaro ɗan shekara biyu adadin da ya dace da babba, ya tsaya ya tambaya, wanda zai auna, ya sake aunawa, wanda zai zaunar da tsohuwa mai hawan jini ya bayyana mata da harshen da take ji cewa maganin nan ba a daina shi don an ji sauƙi, wanda za a miƙo masa kuɗi a nemi maganin da doka ta hana bayarwa ba takarda, ya ce a'a. Su kansu tsangayoyin sun san haka, shi ya sa karatun ke ɗaukar shekara biyar ko shida, sannan shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin kulawa da jarrabawar PCN kafin a ba mutum lasisi.

Buƙatar kuwa a ƙofar gida take. A mafi yawan garuruwanmu mai kemis ne wurin zuwan farko idan jiki ya yi zafi, kuma lasisinsa bai ba shi damar sayar da komai ba sai magunguna marasa buƙatar takardar likita. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben maganin tari mai kodin har miliyan uku a kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi jayayya kan adadin, ba wanda ke musun matsalar, kuma a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da irin wannan magani. Jihar da aka ambaci sunanta a irin wannan magana tana buƙatar 'ya'yanta masu ilimin magani a Gwaram da Ringim da Taura, waɗanda za su zauna domin nan ne gida.

Don me ban goyi bayan sokewa ba

Akwai masu cewa a soke JAMB, kowace jami'a ta ɗauki nata. Suna iya kafa hujja da Amurka, inda aka yi shekaru kusan hamsin ana yin wata jarrabawa ta musamman mai suna PCAT ga masu neman karatun harhaɗa magunguna, aka daina ta a watan Janairun 2024 bayan mafi yawan makarantu sun daina nemanta. Amma yanayinsu ya saɓa da namu. Su makarantu ne suka yi yawa, masu nema suka ragu, kuma mai nema yana zuwa ne da sakamakon shekaru biyu ko fiye na karatun jami'a da za a duba. Mu kujeru ne suka yi kaɗan. Duk inda abu ya yi kaɗan kuma babu ma'auni a fili, alfarma ce ke rabo. Yau ɗan manomi daga Jahun da ya ci maki mai yawa yana da lambar da zai nuna, kuma CAPS ya sa tsallake shi ya yi wuya fiye da da. Idan aka cire wannan, wasiƙar wane da wayar wane ce za ta dawo, shi kuma ba shi da ko ɗaya. Sakamakon WAEC da NECO shi kaɗai ma ba zai riƙe nauyin ba, muddin akwai cibiyoyin da kowa ya san ana sayen kiredit a cikinsu.

Laifin a nan na yawan abin da aka ɗora wa zama ɗaya na awa biyu ne. Ina ganin ya kamata sakamakon UTME ya yi aiki na shekara biyu aƙalla, ta yadda wanda ya ci maki mai kyau bai samu gurbi ba zai sake nema ba tare da ya koma farko ba. Kowace jami'a kuma ta wallafa, kafin a fara sayar da fom, makin da aka tsaya a kansa bara a kowane fanni da kowane rukuni. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma zai hana yaro mai 210 ɓata zaɓinsa na farko a inda ba shi da rabo. Ya kamata tsangayoyi su ƙara ba wa sakamakon shekarar farko ta jami'a nauyi, su ware wasu kujeru a aji biyu ga ɗaliban kimiyyar da suka yi fice, domin wata tara na aji da ɗakin gwaji sun fi awa biyu nuna waye ɗalibi.

Akwai kuma ƙofar da aka bari kusan a rufe. Kwalejojin kimiyyar lafiya, irin wadda muke da ita a Jahun, su ke yaye ma'aikatan lafiya masu matsakaicin matsayi, kuma a irinsu ake horar da mataimakan masu harhaɗa magani. Mutum ya yi shekaru yana aiki a ɗakin magani na asibitin gwamnati, ya san aikin da hannunsa, amma idan yana son digiri hanyar ƙunci gare ta, da yawa sai sun koma sun yi gogayya da 'yan shekara sha bakwai a kan saurin danna maɓalli. PCN da hukumar jami'o'i ta NUC za su iya tsara matakala mai sharuɗɗa masu tsauri ga irin waɗannan. Su ne suka fi kowa yiwuwar komawa asibitin da suka fito.

Rabonmu na aikin

Ba komai ne ke hannun Abuja ba. Makarantun kimiyya na Lautai da Kafin Hausa da na 'yan mata a Jahun da Taura sun nuna cewa idan aka tara yara masu hazaƙa aka ba su malamai da kayan gwaji, suna gogawa da kowa. Amma mafi yawan 'ya'yanmu ba a can suke ba, suna makarantun jeka-ka-dawo ne inda ake koyon gwajin sinadari a allo da alli. Gwamnatocin jihar nan sun kashe kuɗi wajen tura ɗalibai karatun likita a ƙasashen waje, kuma an ga amfanin hakan. Wani ɓangare na irin wannan kuɗi zai isa a ce kowane ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kimiyya ya zauna gaban kwamfuta sau ɗaya a mako tun farkon shekara, yana amsa tambayoyi da agogo a gabansa, ana kuma koya masa karanta tambayar kimiyya da Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa. Mu malamai ma muna da namu: mu daina barin yara suna cike zaɓin kwas a shagon rajista bisa shawarar mai shago.

Kirana na ƙarshe ga Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta jiha da shugabannin jami'o'inmu ne. A zauna da PCN, a ji sharuɗɗanta, a zuba abin da ake buƙata na malamai da ɗakunan gwaji, har a kai ga samun isassun kujerun karatun harhaɗa magunguna a cikin Jigawa. Kafin nan, a fara da abin da za a iya yi bana: a tattara sunayen 'yan jihar da suka nemi wannan fanni suka haura 200 ba su samu gurbi ba, musamman mata, a bi sawunsu, a ɗauki nauyin sake zamansu, kada shekarar jira ta cinye su.